Raddi ga Masu Cewa Alawus ɗin Wata-Wata Yana Haifar da Cima-Zaune

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, muhawarar yadda za a gyara tsarin agaza wa marasa ƙarfi ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ra'ayin da ya fi samun kujerar gaba a tarukan bita da gidajen rediyo shi ne a daina ba kowa kuɗi a hannu duk wata, a juya kuɗin zuwa koyar da sana'a da rabon jari, har ga naƙasassu da gajiyayyu. Masu wannan ra'ayi ba jahilai ba ne, a cikinsu akwai malamai da masana tattalin arziki, kuma suna da hujjoji. Sai dai hujjojin nasu duka sun hau kan kuskure guda, wato haɗa wanda ya rasa aiki da wanda ba ya iya aiki a ƙarƙashin hukunci ɗaya.

Hujjarsu ta farko, wadda suka fi ji da ita, hadisin mutumin nan ne na Ansar da ya zo roƙo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawuda ya ruwaito shi daga Anas ɗan Malik, kuma malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma mu bar wannan, mu karɓe shi yadda suka kawo shi. An tambayi mutumin abin da ya mallaka, ya kawo mayafi da ƙoƙon shan ruwa, aka yi gwanjonsu dirhami biyu. Masu wannan ra'ayi suna tsallakewa daga nan su faɗa kan gatarin da mutumin ya saya. To, ina dirhamin farko ya tafi? Abinci aka ce ya saya wa iyalinsa da shi, na biyun ne aka sayi gatari. Ciki aka fara gyarawa kafin a ɗora wa mutum kayan aiki. Sannan wanda aka tura daji ya yi itace kwana goma sha biyar mutum ne mai ƙafa biyu da hannu biyu da ƙarfin saran itace. Ƙarshen hadisin kuma, wanda ba kasafai suke kaiwa gare shi ba, ya keɓe mutum uku da roƙo ya halatta gare su, na farkonsu wanda talauci ya kai shi ƙasa. Akwai kuma ruwayar mutum biyu da suka nemi a ba su daga sadaka a Hajjin Bankwana. Sai da Annabi ya dube su sama da ƙasa, ya ga ƙarfafa ne, sannan ya sanar da su cewa mawadaci da mai ƙarfin nema ba su da rabo a cikinta. Sharaɗin da ya hana su shi ne ƙarfi. Inda ƙarfin ya kau, hanin ya kau.

Babu mai musun cewa naƙasa ba kasawa ba ce. Guragun Kano da ke walda suna ƙera kekunan 'yan'uwansu sun ishe mu shaida. Irin waɗannan hanya suke so a buɗe musu, kuma dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine yadda keken gurgu zai shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024, matakalan kuwa suna nan inda suke. Amma akwai wasu mutanen daban. Akwai dattijon da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, wanda sai an juya shi a shimfiɗa, an ɗiga masa koko da cokali. Akwai ɗan dakon da buhu ya karya wa gadon baya, da matar da taɓin hankali ya raba da gidan miji, da tsohuwar da ta makance ba ɗa ba jika. A kai wa mai shanyewar ɓarin jiki keken ɗinki na ƙafa, a ɗauki hoto, a tafa. Kafin sati ya zagayo ɗansa ya kai keken kasuwa ya karyar da shi rabin kuɗi ya sayo magani da masara. Ba laifinsu ba ne, kuɗin suke buƙata tun farko, an dai bi da su ta doguwar hanya an yi asarar rabi.

Hujja ta biyu ita ce kuɗin hannu yana kashe zuciya, kuma a shaye-shaye yake ƙarewa. Ga wanda ba ya iya tashi, wannan magana ba ta ma da wurin zama, don ba a kashe zuciyar neman da cuta ta riga ta hana. Ga sauran talakawa kuwa an bincika. A 2017 Abhijit Banerjee, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, da abokan aikinsa uku suka sake nazarin shirye-shiryen rabon kuɗi bakwai a ƙasashe shida, ciki har da Maroko da Indonesiya da Meziko, ba su ga alamar cewa masu karɓa sun rage aiki ba. David Evans da Anna Popova kuma suka tattara bincike 19 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka kan giya da taba, suka ga sayensu bai ƙaru ba, a wurare da dama ma raguwa ya yi. Mu leƙa maƙwabta. A Nijar, shirin gwamnati na agaza wa gidaje marasa ƙarfi ya riƙa ba mata sefa 10,000, jika goma a bakin mutanen can, duk wata har shekara biyu. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna horo da adashi da jari sun ɗaga samun matan sosai, amma a kan alawus ɗin aka ɗora su, ba a madadinsa ba. Masu kafa hujja da nasarar koyar da sana'a su riƙa faɗin wannan ɓangaren.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ba zan raina ta ba: kuɗin ba ya isa hannun masu shi. A Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa da kanta ta ce ba ta yarda da sahihancin rajistar talakawan da aka gada ba. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum. Duk wannan ya faru. Amma wa ake zargi? Makaho ne ya sa hannu a takardar? A ce za a hukunta gajiyayyu saboda abin da ake zargin masu ofis da shi, an bar jaki ke nan ana dukan taiki. Kuma wanda ya san yadda ake ba da kwangilar sayo kekunan ɗinki da injinan markaɗe ya san ɓarawo ya fi samun wurin ɓuya a can fiye da kuɗin da ke faɗawa kai tsaye asusun mai suna da lamba. Abin da rikicin rajistar ya koyar shi ne tantance wane ne talaka a ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, a rahotonta na 2022, aiki ne mai buɗe ƙofar son kai. Makanta da kuturta da tsufa kuwa ba sa ɓuya. Likitan asibitin ƙaramar hukuma zai gani, mai unguwa ya sani, Sarkin Makafi da Sarkin Kutare sun san mutanensu ɗaya-ɗaya. Sai dai a kula, in an ce dole sai na'ura ta ɗauki zanen yatsu kafin a biya, an rufe ƙofa ga kuturun da cuta ta cinye wa yatsun, alhali shi ne ya fi cancanta.

Batun babu kuɗi ba ya buƙatar dogon zance. Mu ƙaddara mutum miliyan ɗaya, kowa naira 20,000 a wata. Naira biliyan 240 ke nan a shekara. Kasafin tarayya na 2025 ya kusa tiriliyan 55, wato alawus ɗin bai kai rabin kwabo a kowace naira ba. Tallafin mai na 2022 kaɗai ya haura tiriliyan 4. Lesotho, da ba ta da rijiyar mai ko ɗaya, tun 2004 take biyan 'yan shekara 70 zuwa sama fansho.

Sai masu cewa wannan aikin dangi ne da zakka, gwamnati ba ruwanta. Dangin da ake magana su ne matar da ta ajiye sana'arta don jinyar miji, da yarinyar da aka cire daga makaranta ta riƙa jan sandar kakanta a bakin danja. Zakka rukuni ce, kuma hukumominta a Kano da Sakkwato da Zamfara suna abin da za su iya, amma shekara-shekara take zuwa, yunwa kuwa kullum ce. Magabata ma ba su tsaya a kanta ba. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya tarar da tsohon Bayahude makaho yana bara, ya ɗauke masa jiziya, ya sa a yanka masa abin rayuwa daga baitulmali, shi da ire-irensa. A littafin dai akwai yarjejeniyar Khalid ɗan Walid da mutanen Hira, inda aka rubuta cewa wanda tsufa ko lalura ta hana shi aiki, baitulmali zai ɗauke shi da iyalinsa. Hakki ne rubutacce, kuma ga wanda ba Musulmi ba ma. Mu kuwa dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tsaya ga wanda ubangidansa ke zuba kashi 1 cikin ɗari na albashi a asusun NSITF, alhali fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar nan ba su da takardar ɗaukar aiki. Birkilan da ya faɗo daga bene ba ya cikin lissafi.

Akwai kuma masu cewa ai ko Ingila ragewa take yi. Gaskiya ne gwamnatin Keir Starmer ta so tsaurara sharuɗɗan alawus ɗin naƙasassu a 2025 don ta tsimi wajen fam biliyan 5 a shekara. Abin da ba sa ƙarasawa shi ne 'yan majalisa fiye da 120 na jam'iyyarta suka yi mata bore, ta janye wannan sashe a farkon Yuli. Can gardamar a kan gwargwadon hakkin da doka ta riga ta kafa ake yin ta. Nan kuwa ba a kafa shi a matakin tarayya ba tukuna, shi ya sa naira 25,000 duk wata har wata uku da aka sanar a 2023 ta zo a matsayin alheri mai wa'adi, kamar shanyewar jiki tana warkewa a wata na huɗu.

Jigawa ta gwada hanyar doka a 2007, zamanin Sule Lamido, da naira 7,000 duk wata ga naƙasassu. Lokacin dala tana wajen naira 125, kuɗin ya haura dala 50. A canjin 2024, da dala ta wuce naira 1,500, wannan adadi bai kai dala 5 ba. Saboda haka dokar da za a yi a tarayya ko a jiha kada ta rubuta adadi ta tafi, ta ɗaure alawus ɗin da mafi ƙarancin albashi, yadda duk ranar da aka taɓa naira 70,000 ta ma'aikaci, na gajiyayye ya motsa tare da ita.