Karatu a Ƙasar Waje: Kafin a Rufe Ƙofa, a Sauke Nauyin Waɗanda Aka Tura

A shekarar 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da cewa Gwamnatin Tarayya ta dakatar da shirin nan na tura ɗalibai karatu ƙasashen waje bisa yarjejeniyar ilimi tsakanin Najeriya da ƙasashe ƙawayenta, wanda aka fi sani da BEA, har na tsawon shekara biyar. Hujjar da ya kafa ita ce yawancin fannonin da ake tura yara su karanta a Rasha da Sin da Maroko da Aljeriya da Hungari akwai su a jami'o'in gida, don haka gara a zuba kuɗin a nan. Kafin wannan, Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund, shi ma ya tsayar da ɗaukar nauyin malaman jami'a zuwa karatu a ƙetare daga farkon 2025, saboda tsadar canji da kuma yadda wasu ke ƙin dawowa.

Wannan jarida ba ta ga laifin gwamnatin da ta duba aljihunta ta rage hidima ba. Abin da take ja a kai shi ne, ba a rufe ƙofa alhali akwai mutane a waje waɗanda hukuma ce ta fitar da su, kuma ba a ce wa iyaye su bar 'ya'yansu a gida sai an gyara gidan. Birnin Yola da tagwayensa Jimeta sun isa misali, domin a can ana ganin fuskokin al'amarin biyu: gari ne da ya daɗe yana tura 'ya'yansa neman ilimi nesa, kuma gari ne da yau yake karɓar 'ya'yan wasu ƙasashe.

Tafiya neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Fombina. Modibbo Adama, wanda ya kafa Yola a 1841, sai da ya yi tattaki zuwa Borno ya yi karatu kafin ya zama abin da ya zama. A zamanin boko ma haka ne. Farfesa Iya Abubakar, ɗan Belel, ya yi digirin digirgir a Kambirij ta Ingila, ya dawo ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Marigayi Farfesa Jibril Aminu, ɗan Song, ya ƙaro ilimin likitanci a Landan, ya dawo ya riƙe Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ya shugabanci Jami'ar Maiduguri, daga baya ya zama Ministan Ilimi. Waɗannan sun tafi ne a lokacin da ɗalibi ke da tabbacin abin da zai ci a can da kuma aikin da ke jiransa a nan, kuma ƙasa ta ci moriyar dawowarsu shekara da shekaru.

Ɗalibin BEA na yau bai samu wannan tabbaci ba. Tsarin yarjejeniyar shi ne ƙasar da ta karɓe shi ta ɗauki kuɗin makaranta, Najeriya kuma ta riƙa biyansa alawus na abinci da sauran buƙatu. Daga ƙarshen 2023 zuwa cikin 2024 ɗaliban sun shafe watanni babu ko sisi. Da kuɗin ya tashi fitowa, sai Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya ta sanar da rage alawus ɗin daga dala 500 a wata zuwa dala 220. A lissafa giɓin: dala 280 ne. A lokacin da dala ke kan naira 1,500, wannan ya kama naira 420,000 duk wata, wato albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 har sau shida. Ma'aikacin da ke zuwa Sakatariyar Tarayya ta Jimeta kowace safiya, ko ɗan tireda a babbar kasuwar Jimeta, wanda ɗansa ya ci jarrabawar tallafin da ƙoƙarin kansa, ina zai samo wannan? Bai tura yaron don yana da hali ba. Ya sake shi ne don takardar gwamnati ta ce za ta riƙe shi. A wasu daga cikin ƙasashen nan kuma doka ta taƙaita wa ɗalibi baƙo yin aikin neman kuɗi, ga harshe da sai ya shekara yana koyo, ga hunturun da bai taɓa gani ba.

Ma'aikatar Ilimi ta yi alƙawarin ci gaba da ɗaukar nauyin waɗanda suka riga suka fara har su kammala. Alƙawari kaya ne. Yunwa ba ta jiran a sa hannu a fayil, mai gidan haya a Rabat ko Mosko kuwa bai san wani abu wai shi jinkirin sakin kuɗin kasafi ba. Duk watan da takardar biya ta kwana tsakanin Ma'aikatar Ilimi da Ma'aikatar Kuɗi da Ofishin Akanta-Janar, akwai yaron da ke kwana da yunwa a ƙasar da ba shi da dangin iya bare na baba.

Ɗaliban gwamnati tsiraru ne idan aka kwatanta da waɗanda iyayensu ke biya musu. Su ma hukuma na da hakkinsu a wuyanta, ko da ba na kuɗi ba. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban 'yan Najeriya, akasarinsu ɗalibai daga jihohin Arewa, suka maƙale a Khartum. An kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a hamada kafin a bar su su ƙetare, jirgin farko bai sauka Abuja ba sai a farkon watan Mayu. A kwanakin nan an yi ta jin alƙaluma masu cin karo da juna game da yawan ɗaliban, abin da ya nuna babu cikakkiyar rajista da aka dogara da ita. Shekara guda kafin nan an ga irin wannan ruɗani a Yukiren. Ga kuma faɗuwar naira bayan sakin farashin canji a watan Yunin 2023, wadda ta ninka kuɗin makaranta ga duk mai biya da dala ko fam. A 2024 wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila sun samu umarnin barin ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin da suka riga suka tanada da naira.

Sai kuma ramin da ya fi kowanne zurfi, wato takardar da ba ta da amfani. A ƙarshen 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya yi amfani da shi ya shiga shirin yi wa ƙasa hidima. A watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agusta na shekarar, Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, wanda shi ma ɗan Adamawa ne, ya ce an gano takardun bogi sama da 22,000, kuma jami'o'i biyar kawai aka amince da su a Benin, uku a Togo. Matakin ya dace. Amma tambayar da har yau take neman amsa ita ce, ina jerin nan yake a shekarun da iyaye ke sayar da gona da shanu suna tura yara? A cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai masu sayen takarda da gangan, akwai kuma waɗanda suka zauna shekara uku ko huɗu suna karatu tsakani da Allah a makarantar da ba wanda ya gaya musu ba a san da ita ba. Da an yi gargaɗin tun kafin tafiya, da rigakafi ya fi magani.

Ya kamata masu tsara manufa su tambayi kansu abin da ke korar iyaye waje tun farko. Ba duka ne ke neman a ce ɗansu ya yi karatu a Turai ba. Da yawa gudun ɓata lokaci suke yi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ya rufe jami'o'in gwamnati wata tara a 2020, ya sake rufe su wata takwas a 2022. Gurbin karatun likitanci kuma bai kai yawan masu neman sa da suka cancanta ba, shi ya sa Sudan da Masar suka zama mafita ga iyalai da dama a Arewa. Wanda ya san ɗansa zai gama digirin shekara huɗu cikin shekara huɗu ba zai yi gaggawar neman biza ba.

A nan ne darasin Yola ya fi fitowa fili. Jami'ar Amurka ta Najeriya, AUN, wadda tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Atiku Abubakar ya kafa, ta fara karatu a 2005, kuma ta karɓi ɗalibai daga ƙasashe irin su Kamaru da Ruwanda da Yuganda. Ko a 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, 'yan gudun hijira suka cika Yola da Jimeta, jami'ar ba ta rufe ba. Gaskiya ne kuɗinta ya fi ƙarfin talaka, kuma ba a kwatanta ta da jami'ar gwamnati. Amma ta tabbatar da abu guda: iyayen wata ƙasa za su iya turo 'ya'yansu bakin Kogin Binuwai matuƙar sun san ranar farawa da ranar gamawa, kuma sun yarda da takardar da za a ba su. Abin da baƙo ke nema a Yola shi ne abin da ɗan Yola ke nema a Alƙahira.

Da an ƙetare gadar Jimeta aka nufi Girei, ga Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, daga baya aka faɗaɗa ta ta koyar da sauran fannoni har da likitanci, aka kuma mayar da tsohuwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Yola asibitin koyarwarta. Idan da gaske ne kuɗin BEA za su dawo gida, irin wannan wuri ya kamata a gan su: a ɗakunan gwaje-gwaje, da gadajen asibitin koyarwa, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da albashin da zai hana malami neman hanyar fita. Kuma a ƙetaren iyaka akwai jami'o'in Ngaundere da Marwa da Garwa a arewacin Kamaru, a yankin da tarihi da Fulfulde da auratayya suka haɗa da Adamawa tun kafin Turawa su raba Fombina. Musayar ɗalibai da malamai da waɗannan maƙwabta, a fannin noma da kiwo da kiwon lafiyar dabbobi da harshen Faransanci, ba ta buƙatar tikitin jirgi zuwa Turai.

Saboda haka wannan jarida na kira ga hukumomin da abin ya shafa da su ɗauki matakai bayyanannu. Na farko, a biya duk bashin alawus da ɗaliban BEA ke bi, a kuma ware kuɗin sauran shekarun karatunsu a wani asusu na daban, da ranar biya sananniya, domin adadinsu sananne ne kuma raguwa yake yi duk shekara. Na biyu, Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Kula da Jami'o'i su wallafa jerin jami'o'in waje da Najeriya ta amince da su, su riƙa sabunta shi, a kuma yaɗa shi da Hausa da Fulfulde a gidajen rediyo kafin lokacin neman gurbi. Majalisar Kula da Aikin Likita da Haƙori ita ma ta bayyana sharuɗɗan jarrabawarta ga mai shirin tafiya, kada ya ji su bayan ya dawo. Na uku, Ma'aikatar Harkokin Waje da Hukumar Kula da 'Yan Najeriya Mazauna Ƙetare su buɗe rajista guda ta ɗalibai a kowane ofishin jakadanci. Na huɗu, gwamnati ta faɗa wa jama'a nawa aka tsimi daga dakatar da shirin, da kuma makarantun da aka zuba kuɗin a ciki. Gwamnatocin jihohi da ke tura nasu ɗaliban, har da ta Adamawa, su ma kada su tura ko mutum ɗaya sai kuɗin karatunsa na dukan shekaru yana hannu.

Yawancin waɗannan ba sa buƙatar sabuwar doka. Suna buƙatar darakta da zai sa hannu a kan lokaci, da akanta da ba zai jinkirta ba, da mai taimaka wa minista da zai tuna masa kafin iyaye su taru a bakin ƙofar ma'aikata. Ma'aikatan tarayya sun fi kowa sanin zafin jiran haƙƙin da aka riƙe, kuma da yawansu iyaye ne masu irin wannan buri ga 'ya'yansu. Fayil ɗin ɗalibin da ke Rabat ko Kazan yana kan teburin wani a Abuja yau. Ya kamata ya bar teburin kafin wani watan ya kama.