Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani

Ran da aka share ɗakin ajiya na kwalejinmu, na ga an fito da tsofaffin akwatunan rediyo guda uku an jibge su cikin karyayyun kujeru, ana jiran mai sayen tarkace. Na roƙi ma'aji ya ba ni ɗaya, ƙirar National Panasonic. Abokaina suka yi ta dariya, wai me zan yi da kayan kakanni alhali ga waya a aljihu. To, yau mako shida ke nan, kullum da safe su ne ke cika ɗakina don jin labarun duniya da Hausa. Saboda haka na ke so in faɗi ra'ayina: kuskure ne mu yar da rediyo mai gajeren zango, kuma ya kamata kowane malamin gobe ya san yadda a ke rayar da shi.

Mu da mu ke karatu nesa da gida mun fi kowa sanin amfaninsa. Tashar FM ba ta nisa, da ka bar yankinta sai ta ɓace. Amma muryar gajeren zango takan tashi sama ta bugi wani rufi na iska, kamar kilomita 100 zuwa 400 daga ƙasa, wanda hasken rana ke cika shi da lantarki, sa'an nan ta komo ƙasa can wata nahiya. Ta wannan hanya ce iyayenmu suka ji BBC da Hausa tun 1957, da Muryar Jamus tun 1963.

Na san za a ce waya ta ɗauke wannan aiki. Lalle akwai gaskiya a ciki, gama har Rediyon Ostareliya ya bar gajeren zango a 2017. Amma fa a tuna, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba intanet. Wanda ke da rediyo da batir bai rasa labari ba. Haka kuma a 2022, da yaƙin Yukren ya ɓarke, BBC ta koma aika labarai can ta gajeren zango. Abin da manya ke komawa gare shi ran wuya, bai kamata mu kai shi juji ba.

Ga abin da na yi wa nawa. Da farko na duba gidan batir, na tarar tsohon batir ya zubar da ruwa ya ci ƙarafan. Na goge su da tsumma da ɗan ruwan lemon tsami, na kankare tsatsar, na bari suka bushe. Nan take ya yi magana, amma murya can ƙasa-ƙasa. Sai na sami wayar tagulla mai tsawon mita 15, na ɗaure ta daga tagar ɗakina zuwa bishiyar mangwaro, na naɗa bakinta a jikin eriya. Tashoshin da dā ba a ji sai ga su rangadau. In wayar ta cika tsawo, ƙaramin rediyo yakan rikice, tashoshi su hau kan juna. Maganinsa a rage ta, ko a naɗa ta da robarta ba tare da tagullar ta taɓa eriya ba.

Na biyu, sanin lokaci. Da rana a nemi tasha a mita 19 ko 16, da dare kuwa a mita 49, 41 ko 31, domin rufin nan na sama yana sākewa da fitowar rana da faɗuwarta. In akwatinka megahaz ya nuna ba mita ba, raba 300 da lambar: megahaz 6 shi ne mita 50, watau kusa da zangon mita 49.

Na uku, ƙarar nan da mu ke ɗora wa tsufan rediyo, sau da yawa ba laifinsa ba ne. Cajar waya da ƙwan lantarki na zamani da inbata su ne ke cika iska da shuu. Zare su, ko ka fita da rediyon waje a kan batir, ka ji bambanci. In kuwa yana gurnani ko ina ka kai shi, watakila 'yan gwangwanayen nan masu ajiye wuta, da masu gyara ke kira kafasita, sun bushe. Canza su ba tsada.

Sai gargaɗi. Kada a ratsa wayar eriya kusa da wayar lantarki, kuma a kwance ta da zarar hadari ya taso. Rediyo irin na dā mai kwalabe a ciki yana riƙe wuta mai kisa ko an zare shi daga bango, a bar wa gwani. Akwai kuma waɗansu 'yan kusoshi masu launi a ciki, tun daga masana'anta aka daidaita su. Ni na yi karambani na murɗa guda biyu, rediyo ya yi gum, sai da na biya mai gyara kuɗin abincina na kwana uku.

Roƙona ga hukumar kwaleji shi ne a mayar da sauran biyun nan ɗakin kimiyya. Yawancinmu ƙauye za a tura mu koyarwa, inda babu kayan gwaji. Malamin da ya shiga aji da rediyo da ƙullin waya yana iya koyar da lantarki da lissafi da labarin ƙasa a darasi guda, yara kuwa su ji da kunnensu. Wanda ya ke shakka, ya zo ɗakina gobe bayan sallar asuba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.