A Riƙa Leƙa Mai Cikin Da Likita Ya Kwantar

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin 'yan'uwana magidanta.

Idan mace ta je awo aka ga tana zubar da jini ko jininta ya hau, likita kan ce ta kwanta, ban da daka, ban da ɗiban ruwa. To, a ƙauyukanmu sai ka ji uwar miji ko kishiya na cewa son jiki ne, wai su har ranar haihuwa surfe suke. Maigida yana gona ko kasuwa, ita tana ɗaki, daga ita sai tunani. Ba biki, ba suna, ba mai cewa sannu. Wannan kaɗaici shi ma ciwo ne.

Jama'a, maganinsa ba sai da kuɗi ba. A bar mata rediyo da batir. Maƙwabta su kawo ɓarar gyaɗarsu ƙofar ɗakinta, ana yi ana hira. Mai ɗinkin hula a sayo mata zare. A ɗauko ƙanwarta ta taya ta zama. Kai kuma maigida, rage zaman dandali bayan isha'i.

Sannan a tambayi likita iyakar motsin da za ta yi, don kwanciya yini guda ba motsi kan daskarar da jini a ƙafa. In ta yi ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko jini ya ɓalle, a yi asibiti, kar a jira gari ya waye.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, amin.

Naku mai karatu,
Ɗambatta, Jihar Kano.