Mu Leƙa Tarihi: Yadda Baƙin Ƙarfe Ya Ture Tagulla a Arewacin Turai

A wannan wata filin namu zai kai mu can ƙuryar arewacin Turai, wato ƙasashen Danmak da Suwidin da Norwe, mu ga abin da ya sami mutanen can shekaru 2,500 da suka shige, lokacin da hanyar arzikinsu ta toshe.

Tun daga wajen shekara ta 1700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen nan da tagulla suke ƙera takubba da gatura da kayan ado. Ita tagulla haɗi ce: kashi 9 na jan ƙarfe, kashi 1 na kuza, irin wadda aka yi ta haƙowa a Jos. To, abin mamaki shi ne ba su da kuza a ƙasarsu, jan ƙarfen ma ba su haƙo nasu ba a wancan zamani. Binciken da masana suka yi wa kayan ya nuna daga nesa ake kawo shi, kamar duwatsun Alps da tsibirin Birtaniya. Cikin abin da suke bayarwa a musaya akwai wani daskararren ƙaro mai launin zuma da teku ke turowa gaɓa, wanda mutanen kudu ke yin tsakiya da shi.

Duk da haka sun gwanance ƙwarai. A 1902 wani manomi yana huɗa a Trundholm ta ƙasar Danmak ya tono dokin tagulla yana jan faifan rana mai rufin zinariya, aikin wajen shekara ta 1400 kafin haihuwar Annabi Isa. An kuma tono dogayen ƙahonin busa na tagulla, masu lanƙwasa, waɗanda wasunsu har yanzu suna busuwa.

Amma fa kowa ya san mai kwana da abin aro ba ya barci da nauyi. Tun da ƙarfen daga waje yake zuwa, wanda ya riƙe hanya shi ne mai faɗa a ji. Manyan gidaje kaɗan ne ke da jiragen ruwa da abokan ciniki a nesa, su ke raba tagulla ga wanda suka so. Talaka kuwa ya daɗe yana aiki da dutse da itace da ƙashi.

Wajen shekara ta 500 kafin haihuwar Annabi Isa sai al'amura suka juya. Mutanen tsakiyar Turai sun riga sun koma ga baƙin ƙarfe, hanyoyin fatauci suka sauya, tagullar da ke isa arewa ta ragu. Ga shi kuma yanayi ya ƙara sanyi da danshi. Kayan alfarma suka yi ƙaranci, kaburburan wannan zamani ma sau da yawa ba a samun komai a ciki sai ɗan tsinken ƙarfe na maƙale riga.

A nan ne suka waiwayi abin da suke takawa kullum. Cikin fadamunsu akwai tama, wadda ruwa ke tarawa dunƙule-dunƙule a ƙarƙashin ciyawa. Sai a haƙo ta, a gasa, a zuba cikin murhun yumɓu tare da gawayi, a yi ta hura wuta. Ƙarfen ba ya narkewa ya zama ruwa kamar tagulla. Dunƙule ake cirowa mai haɗe da kashin tama, a yi ta dukansa har ya tsarkaka. Wannan aiki ba baƙo ba ne a gare mu, don haka maƙeran Hausa suka yi ta dafa tama kafin zuwan ƙarfen Turawa, kuma an tono irin waɗannan murhuna a Taruga kusa da Abuja, masu shekaru kusan ɗaya da na mutanen da muke magana.

Kada mu zaci sun koma ga baƙin ƙarfe ne don ya fi kyau. Na farkon bai fi tagulla mai kyau tauri ba, ga shi yana tsatsa, kuma sauyin ya ɗauki ɗaruruwan shekaru. Fifikonsa ɗaya ne: na gida ne. Ba sai an jira jirgi ko an roƙi wani babba ba. Sannu a hankali wuƙa da lauje da mashi suka isa hannun manomi. Shaida ita ce jirgin ruwan Hjortspring, na wajen shekara ta 350 kafin haihuwar Annabi Isa, da aka tono a Danmak a 1921 zuwa 1922. An same shi da kawunan mashi na baƙin ƙarfe sama da 100. Tagulla kuwa ta koma kayan ado.

Jama'a, mu da kakanninmu suka zo waɗannan ƙasashe ta hanyar fatauci, ya kamata labarin nan ya tsaya mana a rai. Mun san yadda kasuwar goro ta Salaga ta durƙushe bayan 1874, da hanya ta sauya, zangon da ya cika ya watse. Ciniki albarka ne, amma linzaminsa ba kullum yake hannunmu ba. Yau iyaka a buɗe, gobe a rufe. Mutanen arewacin Turai sun tsira ne don sun koyi sarrafa abin da ke ƙasarsu da hannunsu. Saboda haka yaron da muke koya wa lissafin kanti, mu haɗa masa da ilimi da sana'ar hannu, kada mu raina ƙira ko ɗinki ko noma. Hausawa dai sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.