Kafin Ka Ɗaga Hannu a Kan Ɗanka

Mai karatu, wataƙila maganar ta iso maka ta bakin maƙwabci bayan sallar isha'i, ko kuwa ke uwa ce kika duba wayarsa kika ga abin da ya hana ki barci. An ce ɗanku ɗan daudu ne, ko yana neman maza. A Kawo ko Unguwar Sarki ko Badarawa, irin wannan labari ba ya kwana bai zaga layi ba, kuma abin da ke fara zuwa zuciya shi ne: da wane ido za mu dubi dangi?

Ban zo yin fatawa ba, wannan fagen malamai ne. Dokar hana auren jinsi ɗaya da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ma kun san da ita, kun kuma ji yadda aka kama mutum 53 a Zariya a 2017 bisa zargin halartar irin wannan biki. Maganata ta lafiya ce, da ran yaron da kuka haifa.

Duka ba ya sauya abin da ke cikin zuciyar mutum. Babu allura ko ƙwaya ko turaren da aka tabbatar yana yin haka, kuma tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga jerin cututtuka. Abin da duka da kora ke haifarwa kuwa likitoci sun san shi sarai. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009 ya gano cewa matasan da iyayensu suka yi wa mummunar ƙyama saboda wannan sun ninka waɗanda ba a ƙyamata ba fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kansu. Ƙasarsu daban, al'adarsu daban, amma zafin uwa ta juya wa ɗa baya iri ɗaya ne a ko'ina.

Ku yi tunanin inda korarre yake zuwa. Tasha, ɗakin aboki, hannun duk wanda zai ba shi abinci da sharaɗi. Can ne ƙwaya da cutar ƙanjamau ke samunsa, can ne 'yan sara-suka ke tare shi su karɓe masa waya su yi masa jina-jina, sun san ba zai kai ƙara ba. Asibiti ma tsoronsa yake ji, sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Wasu kuma sukan ce a kai shi gidan mari a gyara shi. Mu mutanen Kaduna ba ma buƙatar a ba mu labari. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan yara da manya daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da kansu, da kyakkyawar niyya.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba sai kun yarda da halinsa ba kafin ku bar masa kwanon tuwonsa da shimfiɗarsa, ku hana yayyensa dukansa, ku daina kiransa da sunan wulaƙanci a gaban ƙannensa. Sau da yawa iyakar abin da yake mafarki ke nan, ya gaida mahaifinsa a amsa.

Ku kuma sa masa ido. In ya daina ci da barci, ya keɓe kansa, ko ya ce gara ya mutu kowa ya huta, kada ku ɗauka barazana ce. Ku kawar da fiya-fiya da magunguna daga inda zai kai hannu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi Asibitin Barau Dikko ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a ranar. In an shiga wurin likita, ku jira a waje ya yi maganarsa.