Mai Son Rage Tuwo Ya Fara Da Butar Shayi

'Yan'uwa fatake, dillalai da masu masauki, na nan kasuwar Digel da na ƙetaren kogi, yau za mu ɗan ajiye maganar farashin sa da kuɗin duwan, mu yi maganar abin da muke zubawa a cikinmu.

Tun da wayar hannu ta zama abokiyar hirar kowa, wata shawara ta shigo mana kasuwa tana yawo daga rumfa zuwa rumfa. Wai mai ƙiba da mai ciwon sukari su bar tuwo da shinkafa da burodi da sukari, su koma ga nama da ƙwai da mai. Masu yaɗa ta suna kiran ta kito. Wasu sun ji sun yi dariya, suna cewa wanda bai ci tuwo ba ai da yunwa ya kwana. Wasu kuwa sun karɓe ta da zafi, sun yanke komai dare ɗaya, kafin mako ya zagayo jiri da ciwon kai sun mayar da su gidan jiya. Ra'ayina shi ne akwai gaskiya a cikin maganar, kuma mu fatake muna cikin waɗanda suka fi bukatarta. Amma a hankali ake shigarta, daki-daki, kuma daga butar shayi ake farawa.

Me ya sa na ce mun fi bukatarta? Iyayenmu da kakanninmu a ƙafa suka yi wannan sana'a. Suna bin garke makonni kafin su kai inda jirgin ƙasa zai ɗauki shanu, ko Nguru inda dogo ya isa a 1930, ko Maiduguri inda ya isa a 1964. Mutumin da zai yini yana tafiya a rana, in ya sha fura ya ci tuwo, kafin dare jikinsa ya ƙone su. Yau fa? Yara ne ke kora, tirela ce ke ɗauka, mu kuwa muna zaune a rumfa ko a gaban mota, waya a kunne. Tafiyar ta tafi, amma cimar matafiyi tana nan, har mun ƙara mata burodi da taliya da lemon kwalba.

Kowa ya ƙirga yininsa. Da safe kunu da sukari da fanke. Da an shiga kasuwa sai shayi: na gaisuwa, na taya ciniki, na sallamawa, na jiran lodi. A ce kowane ɗan kofi yana da ƙaramin cokali 2 na sukari, mutum ya sha 8 kafin magariba, cokali 16 ke nan. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, cewa ta yi kada sukarin da baligi ke sha a yini ya wuce wajen giram 50, wato cokali 12, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo guda mai santilita 35 tana ɗauke da wajen giram 35 ita kaɗai. Ka ga tun ba a taɓa tuwon dare ba an riga an ƙetare iyaka.

Kuma ai mu ba baƙi ba ne a harkar ƙiba. In muna son sa ya cika ido kafin a kai shi Legas, me muke ba shi? Dusa da hatsi, sannan mu ɗaure shi a turke kada ya yi yawo. Gaskiya ne cikin saniya daban yake da na ɗan Adam, amma a nan sun yi tarayya: hatsi mai yawa da zaman wuri ɗaya kitse suke zama. Tuwo, shinkafa, burodi, garin rogo da doya duk sitaci ne, kuma da sun shiga ciki sukari suke komawa a cikin jini. Giram 100 na garin gero ko na dawa yana da sitaci wajen giram 70. Jiki na da wani sinadari, insulin, da ke kwashe sukarin daga jini ya kai inda za a yi aiki da shi ko a adana. In aka yi shekaru ana ɗora masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ga teɓa ga rashin motsi, sai aikin ya fara gagara. Mafarin ciwon sukarin manya ke nan: yawan fitsari, ƙishirwa, kasala, gani dishi-dishi, da gyambon ƙafa da ba ya jin magani.

Ita kanta shawarar ba yau aka fara ta ba. A 1863 wani mutumin Landan mai suna William Banting ya buga ɗan littafi yana bayyana yadda ya rage ƙiba da barin burodi da sukari da dankali. A 1921 likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara cimar kito don masu farfaɗiya. A 1972 likita Robert Atkins ya yayata ta ga masu son rage jiki. A 2019 kuma ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta amince cewa rage sitaci da sukari na cikin hanyoyin da suka fi hujja wajen saukar da sukarin jini. Sai dai binciken likitoci ya nuna wani abu kuma: bayan shekara ɗaya ko biyu, bambancin wannan cima da sauran hanyoyin rage ƙiba ba shi da yawa. Wanda ya iya ɗorewa shi ne ke cin riba. Don haka tsarin da mutum zai iya riƙewa daga Digel har Legas ya dawo, shi ne mai amfani, ko da bai kai na cikin waya tsanani ba.

To me ya sa ba a yanke dare ɗaya? Tambayi duk mai turka. San da ya saba da ciyawa, in ka cika masa gaba da hatsi rana ɗaya, cikinsa zai yi tsami ya kumbura, ya yi zawo, wani ma sai wuƙa. Mako biyu zuwa uku ake ɗauka ana ƙara masa kaɗan-kaɗan har cikinsa ya saba. Jikin mutum ma yana da nasa sabon. Hanta da tsoka suna ajiye sukari wajen giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan ninkinsa uku. Da an yanke sitaci, wannan ajiya ta ƙare, ruwan ya fita ta fitsari, ƙoda kuma ta zubar da gishiri. Shi ya sa a makon farko sikeli ke sauka da sauri har mutum ya yi murna, alhali yawanci ruwa ne ya fita. Shi ya sa kuma ake samun ciwon kai, jiri, ɗaurewar jijiyar ƙafa da taurin bayan gida. Yanzu ɗora wannan a kan zafin Njamena na Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, mutum na tsaye tsakanin ƙahonin shanu da kuɗin jama'a a aljihu. Jiri a irin wannan wuri ba abin wasa ba ne.

Ga yadda nake ganin ya dace a bi.

Mataki na farko, mako biyu: abin sha kaɗai za a taɓa. A raba sukarin shayi biyu, bayan mako a sake rabawa. A bar lemon kwalba, zoɓo kuma a sha shi da tsaminsa. Harshe kan saba cikin 'yan makonni, har shayin da ya zama yana hawa kai. Tuwo na nan yadda yake, ba a taɓa shi ba tukuna.

Mataki na biyu, wani mako biyun: a gyara karin safe. Maimakon kunu da fanke da burodi, a ci ƙwai biyu ko uku, ko kindirmo ba sukari, ko ɗan romo da nama, ko gyaɗa. Wanda ya karya da irin wannan zai ga yunwar hantsi ta ragu, hannunsa ya daina kaiwa ga tallar da ke wucewa.

Mataki na uku: yanzu aka zo kan tuwo. Ba a ce a bar shi ba. A rage malmala ta koma rabi, a ninka miya: kuɓewa, kuka, karkashi, yakuwa, zogale, da kifi ko busasshen naman nan da ake kira sharmut. A fara da miya da nama, tuwon ya biyo baya. Shinkafa da taliya su zama na lokaci-lokaci. Wake yana da sitaci, amma ba ya hawar da sukari da sauri kamar farar shinkafa, don haka madogara ce mai kyau. Bayan cin abinci a taka ƙafa ko na minti 15 ne.

Yawancinmu a nan ya kamata mu tsaya. Kito mai tsanani na nufin sitaci giram 20 zuwa 50 kacal a yini, abin da malmala ɗaya ta riga ta wuce. Wannan aikin likita ne da majinyacinsa. Mai neman rage teɓa, in ya sauko ƙasa da giram 130 a yini, ya yi ƙoƙari, kuma zai ga canji.

Sai lokacin farawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a fara ana gobe lodi, ko a tsakiyar bazara, ko a cikin azumi. A fara lokacin da ake gida. In an saba sannan a ɗauki hanya da guzuri: kilishi marar zaƙi, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, da ruwa mai yawa. Ko ta Gamboru aka bi ko ta Mubi, ba a rasa mai tsire ko balangu a tasha.

Yanzu ga babban gargaɗi, don Allah a karanta wa wanda bai iya karatu ba. Duk mai allurar insulin, ko mai shan ƙwayar glibenclamide da danginta, kada ya rage tuwo sai likita ya duba maganinsa. An auna maganin ne daidai da abincin da ya saba ci. In abincin ya ragu magani bai ragu ba, sukari zai faɗi ƙasa: rawar jiki, gumi mai sanyi, ruɗewa, har suma. Irin wannan mutum ya riƙa yawo da ƙwayar sukari 3 a aljihu saboda irin wannan rana. Masu shan dapagliflozin ko empagliflozin kuwa, kito mai tsanani na iya jawo musu tsamin jini mai kisa. Mai maganin hawan jini, mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki ko mai shayarwa, su ma sai da shawarar likita. Kuma ba a barin magani don wai an canja abinci.

Tun da muna tsallaka iyaka, a lura da wani abu. Awon sukari a Chadi da Kamaru yawanci da giram a lita ake rubuta shi, a Nijeriya kuwa wani ma'aunin ne. In aka auna da safe ba a ci komai ba, 1.26 a takardar Njamena ko Kusiri daidai yake da 126 ko 7.0 a takardar Maiduguri ko Kano. Daga nan zuwa sama ake zargin ciwon sukari, sai a maimaita awo a tabbatar. Ƙasa da 0.70, wato 70 ko 3.9, sukari ya faɗi. A riƙa ajiye takardar awo tare da takardun tafiya. Akwai kuma awon da ba ya cin ko sisi: auna tsawonka da igiya, ninka ta biyu, zagaya cikinka saitin cibiya. In ba ta haɗe ba, lokacin gyara ya yi.

Saura maganar mai, wadda ita ce ta fi yi wa 'yan kasuwar shanu daɗin ji. Wani da ya ji an ce a ci mai, sai ya ɗauka an ba shi lasisin tozo da kitse safe da yamma. A'a, Alhaji, a yi hattara. Kitsen dabba da man shanu in sun yi yawa suna hawar da mugun kitsen jini ga mutane da dama, shi ne mai toshe hanyoyin zuciya. Man da ake nufi shi ne wanda zai cike gurbin tuwon da aka rage don kada yunwa ta kori mutum. Allah Ya hore mana iri-iri a ƙasar nan: gyaɗa, riɗi, ƙwai, kifin kogin Shari da na Tafkin Chadi. Man shanu cokali ɗaya a miya ya wadatar. Wanda ya ƙara mai bai rage tuwo da shayi ba, ya haɗa wa kansa lodi biyu. Madara kuma a tafasa ta kafin a sha ko a yi kindirmo, saboda tarin fuka da sauran cututtukan da ake ɗauka daga shanu.

Na san abin da wasu za su ce. Na ɗaya, tsada: ba kowane mai sayar da sa ne ke iya cin nama kullum ba. Gaskiya ne, amma matakin farko ragin kuɗi ma yake kawowa, kuma kuɗin sukari da lemo na wata guda zai sayi ƙwai da gyaɗa masu yawa. Na biyu, kunya: yaya za a yi mai masauki ya miƙo shayi a ƙi karɓa? Ba a ce a ƙi ba. A roƙi mai dafawa ya ɗebi naka kafin ya zuba sukari, ko ka karɓi na farko ka yi godiya a na biyu. Mai masaukin kirki ya fi son baƙonsa ya dawo baɗi da ƙafafunsa biyu. Na uku, iyali: kada maigida ya mayar da gida duka kan cimarsa. Yara masu tasowa suna bukatar tuwonsu. Haka yaran da ke koro mana shanu a ƙafa daga Masakori ko Durbali, kada wani ya fake da wannan magana ya rage musu gero. Su har yanzu tafiyar kakanninmu suke yi, furarsu halaliyarsu ce.

Ina kira ga shugabannin ƙungiya da su nemo ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa kasuwa ko sau ɗaya a wata, a auna wa mutane sukari da hawan jini. Muna buɗe bakin sa mu duba haƙori kafin mu biya, bai kamata mu yi shekara goma ba mu duba namu jinin ba. Kafin nan, gobe in an ɗora buta, kowa ya ce a rage masa cokali ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, Ya kai dukiyar kowa inda za ta lafiya.