Hotunan da Ake Kullewa a Intanet

Tun da aikin ofis da na makaranta suka koma kan kwamfuta, akwai wani kuka da ake yawan ji daga bakin ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, watau mutum ya ga hoton da yake bukata a wani shafin intanet, ya nemi ya kwafe shi domin ya sa a rahoto ko a kundin kammala karatu, abu ya faskara. Wani ya danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta, babu abin da ya fito. Wani ya ajiye hoton, da ya buɗe sai ya tarar da fili fari fat. Wani kuwa hoton ya zo, amma da sunan mai shi shimfiɗe a tsakiya. Galibi akan ɗora laifin a kan na'ura, sa'an nan a shiga neman wanda ya san dabarar ɓalle kullen. A ganin wannan jarida al'amarin ya wuce dabara, domin batu ne na haƙƙi, kuma ya wajaba masu kwafa da masu kullewa duka su fahimce shi.

Ya kamata a fara sanin yadda abin yake. Duk hoton da mutum ya gani a fuskar kwamfutarsa ya riga ya sauka cikin na'urar, domin manhajar buɗe shafuka ba ta iya nuna abin da ba ta karɓo ba. Saboda haka masu shafuka ba su da ikon hana kwafa ɗungurungum, iyakarsu su wahalar da ita. Waɗansu kan sa ɗan umurni da harshen JavaScript wanda ke kashe aikin maɓallin dama. Waɗansu kan lulluɓe hoton da wani hoto garai-garai wanda ido ba ya gani, shi ne mai kwafa ke ɗauka ya tarar da fanko. Akwai masu yayyanka hoto ƙanana-ƙanana, shafin ya jera su kamar guda, akwai kuma masu nuna ƙarami maras kyau su riƙe na ainihi sai an biya.

Har ila yau, ba kowace tangarɗa ce kulle ba. Hoton da aka ajiye ya ƙi buɗewa, sau da yawa yana cikin tsarin WebP ne, wanda kamfanin Google ya fito da shi a 2010, tsofaffin manhajoji kuwa ba su san shi ba, sabunta manhajar ya wadatar. Haka nan idan ofis ya jingina hoton wani shafi a nasa shafin ba tare da ya ajiye shi a wurinsa ba, wata rana hoton kan ɓace, domin masu shi sun umurci na'urarsu ta ƙi amsa duk kiran da ya fito daga waje, tun da su ke biyan kuɗin layin. Wanda ya iya bambance lalacewar na'ura da hanin mai kaya ya huta da ɓata lokaci.

To, idan an tabbatar kulle ne, me ya rage? Hausawa sun ce gani ba ci ba. Kasancewar hoto a fili inda kowa ke ganinsa bai mai da shi na kowa ba, kuma sauƙin tsallake kullen bai halatta ɗauka ba. Bisa Yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda Nijeriya ta shiga a 1993, haƙƙin mallaka yana tabbata ga mai aiki ba tare da ya yi rajista ko ya manna wata alama ba. Ƙasar nan ta daɗe da dokar kanta a kan haka: akwai ta 1970, aka maye gurbinta da ta 1988, wadda ta haifar da hukumar da ake kira yau Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Sabuwar doka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba hoto kariya ta shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fito da shi ga jama'a. Ta kuma hana karya matakan fasaha da aka kafa domin tsare aiki, da goge bayanin mai haƙƙi da gangan, ta ba mai aiki damar neman a sauke kayansa daga shafin da ya sa ba da izini ba. Wanda ya yanke gefen hoto domin sunan mai ɗauka ya ɓace, ya sani yana wasa da doka ne.

Dokar ba ta rufe ƙofa ga masu neman ilmi ba. Ta yarda da amfani na adalci domin nazarin mutum na kansa, da binciken da ba na kasuwanci ba, da sharhi, da ba da labarin abin da ke faruwa, tare da ambaton aikin da mai shi. Ɗalibin da ya sa hoto ɗaya a aikin aji ya faɗi inda ya samo shi, matsayinsa dabam da na ma'aikatar da ta buga kalanda dubbai ko ta kafa allon talla a bakin titi da hoton wani. Mai ɗaukar hoton da ya wuni cikin rana a Hawan Daushe na Kano, ko ya shiga ruwa a gasar kamun kifi ta Argungu, da kuɗinsa ya sayi kyamara, da guminsa yake ciyar da iyali. Abin kunya ne ofishin gwamnati, wanda ke biyan mai ɗab'i da mai takarda, ya ga cewa mai hoton ne kaɗai bai cancanci ko sisin kwabo ba.

Hanyar da ta dace kuwa ba ta da wuya. Ta farko ita ce a rubuta wa mai shafin a nemi izini, a faɗi abin da za a yi da hoton, a kuma adana amsar a fayil kamar kowace takardar ofis. Ta biyu ita ce a nufi inda aka buɗe hotuna da gangan. Tun 2002 ƙungiyar Creative Commons ta fito da lasisi iri-iri waɗanda mai aiki ke bayyana sharaɗinsa da su tun kafin a tambaye shi. Rumbun Wikimedia Commons, wanda aka kafa a 2004, yana ɗauke da fayiloli fiye da miliyan 100 waɗanda aka halatta amfani da su. Sharaɗin da ya fi yawa shi ne a ambaci sunan mai hoton, wannan kuwa ba ya cin kuɗi.

Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, masu kullewa ma akwai magana a kansu. Kashe maɓallin dama ba ya tsai da ɓarawon da ya ƙware, wanda zai ɗauki hoton fuskar kwamfutar cikin daƙiƙa guda. Wanda yake wahala shi ne mai gaskiya da ke son buɗe shafi a wata taga, ko ya fassara kalma, da kuma makaho da ke dogara da manhajar da ke karanta masa rubutu, musamman idan an mai da sanarwa hoto an kulle. Nijeriya kuwa ta amince da Yarjejeniyar Marakish a 2017, wadda manufarta ita ce sauƙaƙa wa makafi samun abin karatu. Manyan masu hotuna na duniya ma sun gane iyakar kulle. A 2014 kamfanin Getty Images ya ba da damar jingina hotunansa kimanin miliyan 35 kyauta a shafukan da ba na kasuwanci ba, tare da sunan mai ɗauka. A 2017 gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok ya saki hotuna 375,000 ga kowa, a 2020 cibiyar Smithsonian ta saki miliyan 2.8. A Amurka, aikin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya yi a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka a ƙasar, Birtaniya kuma tun 2010 tana da lasisin da ke buɗe bayanan gwamnati ga jama'a.

A nan gida, doka ta mallaka wa gwamnati haƙƙin aikin da aka yi bisa umurninta, ke nan ikon buɗewa yana hannunta. Hoton asibiti ko gada ko makaranta da aka gina da kuɗin haraji, aka kuma ɗauka da kuɗin haraji, babu hujjar a hana ɗalibi ko ɗan jarida amfani da shi. Saboda haka muna kira ga ma'aikatun watsa labarai na tarayya da na jihohi su fito da ƙa'ida guda, su rubuta a kowane shafin gwamnati abin da aka yarda a yi da hotunan da ke ciki, da sunan jami'in ofishin da za a tuntuɓa. Muna kuma fatan wuraren adana tarihi, irin su Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Makama a Kano, za a ba su kuɗi da kayan aiki domin su kai tsofaffin hotunan da wa'adin haƙƙinsu ya ƙare inda 'yan makaranta za su same su.

Ga shugabannin ofisoshi, kada su sa hannu a kan wata takarda mai hoto da za a buga sai sun ga inda aka samo hoton da izinin amfani da shi. Ga malaman jami'o'i da kwalejoji, su nemi ɗalibi ya ambaci mai hoto kamar yadda suke neman ya ambaci mai littafi. Ita kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, ta fassara muhimman sassan dokar 2022 zuwa Hausa da sauran harsunanmu, ta watsa su ta rediyo, domin mai ɗaukar hoto a Gusau ko Azare ya san abin da doka ta ba shi. Kunne ya ji, jiki ya tsira.